Ƙidayar Murhu a Shekarar Jar Dawa

Kafin a gina kwalejin horon malamai a gabas da garinmu, in na tsaya bakin rijiya da hantsi, babu macen da za ta zo da tulu ban san kakarta ba. Mu Gobirawa ne, manoman gero da dawa. Sai Fulanin ruga da ke bayan fadama tun zamanin kakanni, sai gida biyu na mahauta Adarawa. Iyakarmu ke nan. Wanda ya taso daga Sabon Birni za shi Isa, in ya yi gyangyaɗi cikin mota, sai shi wuce mu bai sani ba.

Sai anka kawo kwaleji. Kai, ku da ba ku gani ba an bar ku baya! Magina sunka fara zuwa, Zamfarawa da Katsinawa, waɗansu sunka ga 'yan matanmu sunka manta hanyar gida. Bayansu ɗalibai, samari da akwatunan ƙarfe a ka, daga Gatawa, daga Gangara, daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Bayansu malamai. Akwai wani dogo mutumin Gana mai koyar da lissafi, in za shi gaishe ka sai ya cire hula. Munka yi ta mamaki, mu da namiji ke neman hula in za shi gaida manya. Akwai Ba'indiye da matarsa, ba su cin nama ko da na layya ne anka kai musu. Akwai 'yan bautar ƙasa, har da mace mai wando. Ranar da ta fara shiga kasuwa ciniki tsayawa ya yi. Inda irin waɗannan sunka sauka kuwa, masu sana'a na tafe: tela, mai ɗaukar hoto, Ibo mai kantin magani. Cikin 'yan shekaru bakin rijiyar nan ya koma wurin jin harsuna. Ni kuwa ina so, don ban taɓa ƙin kallo ba.

Ni anka ɗauka uwar masu dafa abincin ɗalibai. Ban san baƙi ba, ko na allo sai abin da za ni yi salla da shi, amma hannuna ya san tiya. Ka gaya mini baki nawa za su ci, in auna maka hatsin da ba za shi ragu ba, ba za shi kasa ba. Shugaban kwaleji da kansa ya sha faɗi gaban mutane cewa sito a hannuna shike, shi mabuɗi kawai anka ba shi riƙo. Ban ce ya yi ƙarya ba.

Ɗana na fari shi ne direban motar kwaleji. A ƙasar Yarbawa ya koyo tuƙi, ya dawo da lasin da mata. Bayarbiya ce, musulma, doguwa, mai baki kamar reza. Kun san akwai wasa tsakaninmu da Yarbawa, taubasai muke, saboda haka kunyar da ke tsakanin suruka da uwar miji ba ta yi wata uku a gidanmu ba. In na shiga sai in ce, “Ina baiwata?” Ita kuwa ta ce, “Sannu da zuwa, Inna. Har yau ba a kama kyanwar da ta yi miki wannan aiki a fuska ba?”

Zanena take nufi. Zanen Gobir, shida wannan kunci, bakwai wancan, daga gefen baki har kusa da kunne. Nawa wanzamin fada ya yi shi, kuma har na tsufa bai shafe ba. Da anka haifi jikata ta fari, ranar suna wanzami ya zo da zabirarsa, ɗana ya ce a yi aski, a cire beli, amma kada aska ta taɓa kunci. Ya ce zamani ya sake, ɗiyansa makaranta za su. Na yi kwana bakwai ban taka gidansa ba. Haka anka yi wa ta biyu, haka anka yi wa na uku. Daga baya ciwon ciki na kwana huɗu ya ɗauke shi, ya bar mata ɗiya uku da kaskon tuya. Danginta sunka zo ta'aziyya sunka ce ta bi su, ta ƙi. Ta zauna tana tuyar ƙosai a ƙofar kwaleji, ni kuwa kullum na tashi aiki sai na biya na ga jikokina.

Sai fari. Damina ta farko ruwa ya ɗauke gero na fid da kai. Ta biyu sau uku munka yi shuka, sau uku ta ƙone. Rumbuna sunka koma gidan ɓeraye, ɓerayen ma sunka yi ƙaura. Mata na dafa tafasa da ganyen aduwa, waɗansu na tona gidan tururuwa neman hatsi. Shanun Fulani sunka riƙa durƙushewa a hanya. Buzaye sunka sauko daga arewa sunka kafa bukkokin tabarma bayan katangar kwaleji, rani ya zagayo ya same su nan. Wake ya ɓace a kasuwa, surukata ta kife kaskonta.

Wata Litinin da hantsi muna wanke tukwane sai munka ji ƙugin mota ba irin wanda munka saba ba. Manyan motoci biyu, shaƙe da buhuna har sama! Wata cikin matan da ke aiki ƙarƙashina ta rangaɗa guɗa, gari ya amsa. Na fito da muciya a hannu ina taka rawa, ni da na bar rawa tun rasuwar ɗana. Hatsin agaji ne, jar dawa daga wata ƙasa mai nisa, ƙwayarta ƙanana kamar an rina su. Sitonmu kaɗai ke da rufin kwano da ƙofar ƙarfe a garin, don haka a nan anka jibge shi. Wa za shi yi awo? Ba a ko yi shawara ba, kowa ya juyo ya dube ni.

Da azahar anka zauna ƙarƙashin dogonyaro, shugaban kwaleji da wakilin hakimi da dattawa. Wakilin nan ni na goye shi shina jinjiri, Gwaggo shike ce mini. Takardar da ta biyo motoci ta ce hatsin na mutanen gari ne. To, su wane ne mutanen gari? Wakili ya buɗe littafinsa, ashe tun kafin a gina kwaleji anka rubuta shi. Mazan gida kaɗai ke ciki, da yawa sun rasu, waɗansu sun tafi cin rani ba su dawo ba. Anka yi ta juya magana, ni ina gefe da tiyata, jikina na rawa in fara aiki.

Na ce, “Ranka shi daɗe, mi za a yi da littafi? Allah ya ba ku ido. Ɗan gari a fuskarsa shike. Ku aje dogari bakin ƙofa, mai zane shi shigo, marar zane shi dakata.”

Dattawa sunka dubi juna, kowa ya shafa kuncinsa. Wani ya ce, “Wallahi tsohuwar ga ta fi littafi.”

Shugaban kwaleji, wanda ba ɗan ƙasarmu ba ne, ya juyo gare ni. Ya ce, “Inna, malamai da ɗalibai fa?”

Na ce, “Malamai na da albashi, ɗalibai na da ni.”

Anka bushe da dariya, magana ta zauna. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Talata tun da sassafe na ɗaura ɗamara na shiga sito. Ina awo da tozo, tiya cike har tana zuba, ina yi wa kowace mace kirarin gidansu. Ana sa mini albarka, ana riƙe mini hannu. Wajen hantsi na fara ganin fuskokin da ban sani ba, amma zanensu tsaf irin nawa. Wani ya tambaye ni ko kamyon za shi sake dawowa. Mu mota muke cewa, kamyo maganar mutanen ƙetaren iyaka ce. Gobirawan can ne, sun ji labari sun kwana suna tafiya da jakunansu. Na ce a raina ai 'yan'uwa ne, yunwarsu irin tamu ce, na auna musu. Abin da ke gudana bakin ƙofa ban sani ba, don akwai tazara tsakanin sito da ƙofar kwaleji.

Da la'asar anka rufe, na kama hanyar gidan surukata in ji yadda gari ke yabona. A gindin tsamiya na tarar da wata Bafulatana, ƙawata tun muna 'yan mata, nononta anka dama furar aurena da shi. Tana zaune da ƙwarya kife a cinya. Na gaishe ta.

Ta ce, “Sannu, Bagobira. Ashe mu baƙi ne. Sai yau anka gaya mini.”

Na wuce ta. Na ƙara sauri.

Na yi sallama a gidan ɗana, na ce, “Ina baiwata?” Shiru. Na shiga na tarar da ita durƙushe tana jera tukwane cikin daro, an naɗe katifa an ɗaure da igiya.

“Ke, mi ke nan?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Tun asuba muna layi, ni da ɗiyan ɗanki. Da munka kai ƙofa dogari ya kama haɓar babbar, ya juya ta nan, ya juya ta can, kamar mai sayen akuya. Ya ce bai ga komai ba. Ta ce mishi kakarta ce ke awo a ciki. Ya ce ai kakar taki ce ta kafa dokar.”

Ta ci gaba da jera tukwane.

“Shekara goma sha biyu, Inna. A nan na binne mijina. Motar kudu na tashi ranar Asabar in kasuwa ta watse, na kama wuri. Za ni kai su inda ba a duba musu fuska kafin su ci.”

Wallahi, ga Allah ga ni, sa'ad da nike maganar nan ƙarƙashin dogonyaro ko kaɗan ba su zo mini a rai ba. Ni ban taɓa ganin kuncinsu babu zane ba. In na dube su fuskar ubansu nike gani. Na buɗe baki in gaya mata haka, na ga ba maganar da za ta kwance igiyar katifar nan ba ce. Na ce za ni kawo mata rabona. Ta ce ba sadaka ta fita nema ba.

Laraba da safe ban tafi sito ba, ƙofar wakili na nufa. Maza cike da zaure, an zo jin dalilin da ya hana a buɗe. Na tuɓe takalmi na shiga har tsakiya, abin da ban taɓa yi ba.

“Ranka shi daɗe, dokar fuska ta ɓaci, a ɗage ta.”

Ya ce, “Haba Gwaggo! Shekaranjiya ke kinka ɗaura, yau ke za ki kwance? Mi za ni ce wa mutane?”

“Ka ce musu tsohuwa ta yi kuskure.” Kalmar nan ta yi mini nauyi a baki kamar dutsen niƙa, amma ta fita, kuma kowa ya ji. “Wanda ya zo jiya bisa jaki ya koma da buhu, wadda ta shayar da garin ga nono tun kana goye a bayana ta koma da ƙwarya wofi. Jikokina ma an koro su.”

Wani dattijo ya ce, “To in ba fuska ba, mi za a duba? Tafin ƙafa?”

Na kwana da amsar, saboda haka ban yi jinkiri ba. Na ce, “Murhu. Baƙo na gaskiya ba shi da murhu, a na wani shike ci. Wanda ya kafa duwatsu uku a garin ga har sunka yi baƙi, ka taɓa tokarsa ka ji ɗumi, wannan ya zauna. A bi gida-gida a ƙidaya murhu, a tambayi baki nawa ke ci a kansa. Ni za ni bi da ƙafata.”

Anka yi ta gardama har rana ta take. Wakili ya ce in an yi haka abin da ya ragu ba za shi kai awo da tozo ba. Na ce a shafe tiya. Daga ƙarshe ya yarda, ya ce kwana biyu ya ba ni, ranar Asabar da azahar za shi rufe littafi, murhun da bai shiga ba ya wuce. Shugaban kwaleji ya haɗa ni da malamin lissafin nan na Gana shi riƙa rubutawa, wakili ya haɗa mu da dogarin ƙofa, ya ce shi ma shi sha rana.

Ni ban yarda da littafin da ba ni iya dubawa ba, sai na yi nawa tanadi. Na ɗauki ƙwarya da 'yan ƙulle-ƙulle a gefen zane. Ƙwallon aduwa na murhun Gobirawa, ɗan tsamiya na Fulani, ƙwallon magarya na Buzaye, tsakuwa ta sauran jama'a. Ba wanda ya sa ni rarrabewa. So nike in zube su gaban wakili a ga har yanzu mu ad da garin.

Kai, kwana biyun nan! A garin ga anka haife ni, na tsufa a cikinsa, ashe ban san shi ba. Mu shiga wannan lungu mu fita wancan, mata na gudu suna gyara toka, ana ta “Ga masu murhu nan!” Unguwar da magina sunka kafa, miji Bazamfare, mata Bagobira, mai haya a ɗakin zaure Banufe. Bayan masallaci munka tarar da wani tsoho Babarbare mai sayar da kanwa, ya ce ya zo kwana uku ne tun ana haƙa harsashin kwaleji. Munka sami Bazabarmiya mai kitso, munka sami wata mata daga ƙasar duwatsu can kudu da ke wankau a gidajen malamai, ko dogari bai san da ita ba. Tsakuwa ta ƙare mini tun kafin azahar, na tsuguna na ƙara tsinta.

Ibo mai kantin magani ba shi da murhu, risho gare shi. Malam ya ce risho ba ya toka. Mutumin ya riƙe ƙwaryata ya ce, “Mama, ba dawa nike so ba, ku ba wani. Amma ki jefa nawa. Ɗiyana biyu a nan anka haife su.” Na taɓa rishon na ji ɗumi, na jefa mishi tsakuwa babba, malam ma ya rubuta. Ya raka mu har bakin titi shina murna kamar an ba shi sarauta.

A wani gida na Gobirawa tsantsa, matan wa da ƙane da na san tukunyarsu ɗaya tun aurensu, sai ga murhu biyu. Na biyun baƙi ƙirin, har ya fi na farko. Na shafa dutsen da yatsa, baƙin ya biyo ni, farin dutse ya bayyana. Gindin tukunya sunka goga mishi. Na ce, “Ku ɗiyan nan, ni za ku yi wa kwalliyar murhu? Shekara nawa ina cikin hayaƙi?” Sunka rufe fuska suna dariya, malam ya yi dariya har ya aje littafi.

A zangon Buzaye mace ce mai bukka, ita ke amsa magana. Murhunsu ƙanana, duwatsun sun ƙone har sun tsage. A kan wani na ga ana dafa guntun fatar akuya, yara zagaye suna jira. Ban yi wasa a wannan bukka ba. Mazansu na zaune gefe, rawani ya rufe komai sai ido. Dogari ya matso kusa da ni ya ce, “Inna, da dokarki ta farko ce, nan wace fuska za ni duba?” Na ce, “Rufe mini baki, mai kama haɓar ɗiyan mutane.”

Gidan surukata na bari sai la'asar ɗin Alhamis, ina ta kewaye shi. Da munka shiga kaya na jingine a bango, yara na cin jiƙaƙƙen kwaki a kwano ɗaya. Tun Talata ba ta hura wuta ba. Malam ya tsuguna ya sa hannu cikin toka, ya daɗe bai cire ba, sannan ya dube ni.

“Mama, sanyi.”

Na ce, “Malam, dubi duwatsun. Ɗana ya kafa su.”

Ya ce, “Na gani. Amma ke kinka ce da ɗumi. In na rubuta wannan, mi za ni ce wa gidajen da munka tsallake?”

Surukata ta ce, “Kada ka wahala, malam. Matafiya ne mu.”

Na fita da ƙwallon aduwa a dunƙule cikin hannuna, ban jefa ba. Sau biyu ke nan bakina na korar jikokina.

Juma'a bayan an sauko masallaci munka gama. Anka shimfiɗa tabarma ƙofar wakili, malam ya karanta nasa, ni kuwa na juye ƙwaryata na ware kashi-kashi. Lissafinmu ya zo ɗaya, ko murhu guda bai saɓa ba, malam ya cire hula ya rusuna mini gaban maza. Mutane sunka yi dafifi, ana leƙe ta kafaɗar juna. Tulin aduwa ya fi kowane tuli, na ji daɗi. Sai wakili ya sa hannu ya haɗe tsamiya da magarya da tsakuwa wuri guda, ya tura su kusa da aduwa. Sun fi mu. Ba da yawa ba, amma ko makaho ya shafa ya san sun fi mu.

Wuri ya kaure. Wani na salati, wani na cewa ƙarya ne a sake. Wani dattijo ya ce tsohuwa ta cika gari da baƙi, yanzu rabon kowa ya ragu. Na ce, “Ba ni na kawo su ba, Malam, ƙidaya su na yi. Kuma ɗiyarka ta uku wa take aure?” Anka yi mishi dariya, don magini Bakatsine take aure. Ni kam tsikar jikina tashi take. Duk waɗannan a garinmu, suna shan rijiyarmu! Na tsaya ina kallon tulin nan kamar an nuna mini kasuwar Isa cikin tafin hannu. Amma ƙwallo ɗaya na ƙulle a gefen zanena.

A wurinmu ƙarami ke zuwa ɗibar wuta gidan babba. Amarya ta je gun uwar miji da kasko, ƙanwa ta je gun ya. Ban taɓa ji ba, ko a labarin kakanni, uwar miji ta ɗauki wuta ta kai wa suruka. Wadda ta yi haka ta gaya wa duniya ita ce a ƙasa.

Asabar da hantsi na ɗebi garwashi daga murhuna a tsingaro, na ƙulla rabona na dawa a ɗankwali, na ɗauki dami ɗaya na kara. Akwai hanyar bayan gari da ba kowa. Na bi ta tsakiyar kasuwa, don a bainar jama'a anka juya haɓar jikata.

“Inna, wutar wa ta mutu?” in ji wata mai daddawa.

“Ta surukata.”

“Ita ba ta da ƙafa?”

“Tana da ita. Ni ke da laifi.”

Kafin in fita layin mahauta magana ta riga ni isa bakin tasha. Mata sunka biyo ni a baya, har da Bafulatanar nan ƙawata, tana cewa a ba tsohuwa hanya kada garwashi shi mutu.

Na tarar an fito da kaya ƙofar ɗaki, yara sun sa tufafin salla. Surukata ta ga abin da ke hannuna ta miƙe tsaye, ta dafe ƙirji. Na wuce gun murhu na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na karya kara, na juye garwashi, na kwantar da kai ina hurawa. A kwaleji mata goma ke hura mini wuta, na daɗe ban yi da bakina ba. Hayaƙi ya cika mini ido, tari ya sarƙe ni.

Da na sami numfashi na ce, “Ni na ce a dubi fuska. Ba dogari ba ne, ba wakili ba ne, ni ce. Ki yafe ni. In kin tafi da su, ban da sauran abin da za ni duba in ga ɗana.”

Na koma ina hurawa, karan na hayaƙi ya ƙi kamawa. Na ji takunta a bayana. Ta daɗe tsaye.

“Inna, haka Gobirawa ke hura wuta? Shi ya sa tuwon ɗalibai ke warin hayaƙi. Matsa, kada ki ƙone mini gida ina shirin barinsa.”

Na matsa. Ta tsuguna ta gyara karan, ta hura sau biyu, wuta ta tashi. Ta zauna tana kallonta. Can ta miƙa hannu ta jawo daro, ta kwance igiya, ta zaro tukunyar tuwo.

“Mi za a dafa? Ko ƙwaya babu a gidan ga.”

Na kwance ɗankwali na tura mata. Ta duba ta ce, “Aro na karɓa, ba sadaka ba. In an ba ni nawa ki zo ki ɗauki abinki.”

Bafulatana ta ce ita za ta yi surfe, wata ta ruga ɗauko turmi. Na aika dogari, wanda ya biyo taro shina raɓe-raɓe, na ce shi kira malam da gudu kafin azahar. Malam ya iso shina haki da littafi a hammata. Ya ce doka doka ce, sai ya taɓa. Ya tsuguna ya sa yatsa gefen murhu, ya fizge shina yarfe hannu, mata na ta shewa.

“Baki nawa ke ci a nan?”

Surukata ta ce, “Huɗu.” Ta dube ni ta gefen ido. “Rubuta biyar. Akwai wata tsohuwa da ba ta da aiki sai biyowa.”

Na ce, “Huɗu, malam. An riga an ƙidaya ni a nawa.”

Jar dawar nan tauri gare ta, ba ta surfuwa da daɗi, sai da anka yi ta fama har la'asar kafin a sami gari. Ruwa na tafasa sai munka ji motar kudu na ham a tasha, ta yi ta sake yi. Yara sunka dubi uwarsu. Tana riƙe da muciya, ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, “Inna, ƙara kara, wutar ta yi ƙasa.”